Babi na Tara: Kebul Mai Sulke da Kurakuran da Suwic Ke Ƙirgawa

Layin da ya mutu murus ba shi da wuyar sha'ani. Fitilar kafarsa a jikin suwic ta ɗauke, kowa ya gani, sai a bi waya a gano inda ɓera ya ci ko inda mai gyaran silin ya datse. Wanda ke sa wa ma'aikacin sadarwa furfura shi ne layin da fitilarsa ke kore shar, kwamfuta na cewa a haɗe take, amma fayil ɗin da ya kamata ya wuce cikin daƙiƙa goma ya share minti biyar, hoton kyamarar tsaro na daskarewa, muryar wanda ake waya da shi na yankewa. A ofis sai a ce sabis ne, a yi ta tsine wa kamfanin intanet, alhali matsalar ko ƙofar ginin ba ta fita ba.

Abin takaicin kuma, sau da yawa irin wannan ciwon ya fi kama wuraren da aka kashe kuɗi. Mai gida ya ce a sayo masa waya mafi tsada, ɗan kwangila ya kawo kebul mai sulke, wanda aka naɗe cikinsa da fallen alminiyam, aka ja shi ɗaki-ɗaki, aka biya. Bayan wata biyu suwic ya fara tara kurakurai dubu-dubu. Mai gida ba ya yarda laifin wayar ne, tunda ya san abin da ya biya. Kuma yana da gaskiya ta wani ɓangaren: da wuya laifin ya zama na wayar ita kanta. Laifin yana wajen yadda aka ɗaure bakinta da kuma inda aka jingina sulkenta.

Yadda suwic ke gane saƙo ya lalace

Tun da Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro Ethernet a cibiyar binciken Xerox da ke Palo Alto a 1973, bayanai ƙunshi-ƙunshi suke tafiya a kan waya. Ƙunshi na yau da kullum ba ya gaza bait 64, ba ya wuce 1518. Bait huɗun ƙarshe amsar wani lissafi ce da mai aikawa ya yi a kan duk abin da ke cikin ƙunshin, lissafin da ake kira CRC. Idan ƙunshin ya iso, suwic ya maimaita lissafin da kansa. Amsa ta zo ɗaya, ya wuce da shi. Ta saɓa, ya jefar, ya ƙara ɗaya a ƙidayar kurakurai. Ba ya gyarawa, ba ya kuma gaya wa mai aikawa. Kwamfuta mai aikawa da mai karɓa ne daga baya za su lura wani abu ya ɓace su sake aikawa, kuma duk sanda hakan ta faru tsarin TCP rage gudu yake yi, don a zatonsa cunkoso ne a hanya. Shi ya sa asarar ƙunshi ɗaya cikin ɗari, wadda a ido ba komai ba ce, take iya durƙusar da layi. Murya da bidiyo na kai tsaye kuwa ba su da damar jiran a sake aikowa, abin da ya faɗi ya faɗi.

Ƙa'idar gigabit a kan wayar jan ƙarfe, wadda hukumar IEEE ta fitar a 1999, ta yarda da kuskuren bit ɗaya cikin biliyan 10. In aka lissafa da manyan ƙunsoshi, ƙunshi ɗaya ke nan cikin kusan 800,000. A aikace layi mai lafiya yakan yi watanni ƙidayarsa na kan sifili. Don haka duk wanda ya ce maka kurakurai 'yan ɗaruruwa a yini ai al'ada ce, yana neman hanyar tafiya gida ne.

Abu na farko shi ne karanta ƙidayar, kuma akwai yadda ake karanta ta. A suwic ɗin Cisco umarnin show interfaces ne ke nuna ta, a kwamfutar Linux kuwa ethtool -S. Lambar da za ka tarar ba ta da amfani ita kaɗai, domin tana iya zama tarin shekara biyu, ko ta ranar da aka yi tsawa. Share ta da clear counters, rubuta lokaci, ka dawo bayan awa guda, ka sake dawowa da yamma. Abin da kake nema shi ne saurin hawanta da lokacin da take hawa. Sannan ka tuna mai karɓa ne ke ƙirga kuskure. Idan kafar suwic na nuna CRC, ɓarnar ta faru ne a hanyar zuwa gare ta. Ɗaya ɓangaren na iya zama fes. Sai an duba bakin biyu ake sanin ko hanya ɗaya ce ta lalace ko duka.

Akwai wani tarko a manyan cibiyoyin ajiyar bayanai. Wasu suwic masu gaggawa, irin wasu daga jerin Nexus na Cisco, suna fara tura ƙunshi gaba tun kafin wutsiyarsa ta iso, don haka kafin su gane ya lalace ya riga ya fita. Sai ka ga kuskure a kafar da wayarta lafiya lau, mai laifin kuwa yana can suwic biyu a baya. A ƙananan ofisoshi ba kasafai ake gamuwa da wannan ba.

Kafin a taɓa waya, a kawar da wata tsohuwar cuta da ke kama da ciwon waya. Idan aka ɗaure gefe ɗaya da hannu a kan megabit 100 mai aikawa da karɓa lokaci guda, aka bar ɗaya gefen ya zaɓa da kansa, na biyun zai gane gudun amma ya faɗa tsarin karɓa-karɓa, wato sai ɗaya ya yi shiru ɗaya ya yi magana. Gefen karɓa-karɓa zai yi ta ƙirga karo na makara, ɗayan kuma CRC da guntayen ƙunsoshi da ba su kai bait 64 ba. Gyaran minti ɗaya ne: a bar duka biyun su daidaita da kansu. An sha kwance wayar gini guda a kan wannan.

Murɗi ne jarumin, sulke mataimaki

Cikin kebul akwai wayoyi takwas, biyu-biyu a murɗe. Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, Alexander Graham Bell ne ya yi mata rajista a 1881 saboda layukan tarho. Ana aika sigina ɗaya a kan wayoyin biyu, ɗaya kishiyar ɗaya, mai karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai yake karantawa. Hayaniyar lantarki daga injin ko fitila idan ta faɗo, tana taɓa wayoyin biyu daidai wa daida saboda murɗin, sai ta ɓace a wajen ɗebewa. Wannan kaɗai ya isa ya kai gigabit tsawon mita 100, wato 90 a cikin bango da 10 na gajerun wayoyin haɗi, ba tare da wani sulke ba.

Sulke ya shigo ne don wuraren da hayaniyar ta fi ƙarfin murɗi: masana'anta mai manyan injuna, ɗakin lif, kusa da wurin walda, ko inda aka ɗaure wayoyi masu gudun gigabit 10 dami guda suna zuba wa juna hayaniya. Rubutun jikin kebul yana faɗin irinsa. U/UTP ba shi da komai. F/UTP falle ɗaya ne ya naɗe duka takwas ɗin. S/FTP kowane biyu da nasu fallen, sannan saƙar ƙarfe ta lulluɓe su gaba ɗaya. Jamus da maƙwabtanta sun daɗe da rungumar mai sulke, Amurka ta fi sabawa da marar sulke, kuma dukansu intanet ɗinsu na aiki. Bambancin shi ne inda ake amfani da sulke sosai, wayarin ɗin gini da atin ɗinsa ma, wato hanyar da ke sauke wuta ƙasa, an yi su yadda za su karɓe shi.

Sulke kamar indararo yake. Aikinsa ya tare abin da ya zubo ya kai shi ƙasa. Indararon da ya tsage a tsakiya, ko aka bar bakinsa na zuba a jikin katanga, ya tara ruwan ne kawai ya kai inda zai yi ɓarna.

Mu duba bakin wayar da kyau, domin a nan yawancin aikin ke lalacewa. Idan ka feɗe rigar roba ta F/UTP za ka ga fallen, gefe ɗaya na ƙyalli, ɗaya gefen an shafe shi da leda, sau da yawa shuɗiya. Gefen ledar ba ya ɗaukar wuta. A kwance jikin fallen akwai wata siririyar waya tsirara marar riga, ita ce wayar magudana. Mai gaggawa yakan ɗauki fallen da siririyar wayar a matsayin tarkacen kamfani, ya yanke su ƙit, ya cusa takwas ɗin a kan RJ45 na roba, ya matse da filaya. Daga wannan lokacin kuɗin sulke ya tafi a banza. Yadda ya kamata shi ne a naɗe fallen baya a kan rigar, gefen ƙarfen na kallon waje, a zagaya wayar magudana a kansa, sannan kai mai jikin ƙarfe ya kama shi ta ko'ina, zagaye cikakke. Wasu sukan murɗe wayar magudanar ta yi tsawon yatsa su ɗaure ta a wani kusa. Na'urar awo za ta ce a haɗe take, amma ga sigina mai saurin miliyoyin bugu a daƙiƙa wannan jelar doguwar hanya ce, kariyar ta ragu ƙwarai.

Kebul mai sulke ya fi kauri da taurin kai, kuma wannan ma na jawo nasa. Don a samu wayoyin su shiga kai, sai a warware murɗin fiye da kima, alhali iyakar da aka yarda da ita milimita 13 ce. A lanƙwasa shi da ƙarfi a kusurwar tirankin, fallen ya tsage a ciki ba mai gani. A cusa waya mai kauri a kan da aka yi don siririya, haƙoran su kama rabi. Alamar da ke tona asirin irin wannan ita ce layin gigabit ya sauko megabit 100 da kansa. Megabit 100 wayoyi huɗu yake buƙata, na 1 da 2 da 3 da 6. Gigabit sai da takwas ɗin duka. Saukowar na nufin ɗaya daga cikin sauran huɗun ba ta kama ba.

Testar nan mai fitilu takwas da ke aljihun kowane mai haɗa waya ba ta ganin rabin waɗannan. Abin da ta sani kawai shi ne ko wuta ta fita nan ta isa can. Idan aka jera wayoyin daidai a baki biyu amma aka raba abokan murɗi, misali aka ɗauki 3 daga wasu biyun aka ɗauki 6 daga wasu, fitilunta za su kama ɗaya bayan ɗaya cikin nutsuwa, layin kuwa yana zubar da ƙunsoshi. Fitilar sulkenta ma tana ruɗuwa: idan baki biyun na taɓa atin, wutar gwajin na iya zagayawa ta cikin ginin ta dawo, ta ce sulke lafiya alhali ya yanke a tsakiya. Manyan na'urorin tantancewa irin DSX na Fluke suna gane wannan har su faɗi a mita nawa ya yanke. Suwic da yawa kuma suna da gwajin TDR a cikinsu, wanda ke harba bugu ya auna lokacin dawowar amsa-kuwwarsa, ya ce maka wayar ta karye a mita kaza. Yana da amfani matuƙa, sai dai wayoyi takwas ɗin yake dubawa, sulke ba ruwansa.

Inda sulke ya zama hanyar wuta

A bayan kowace kafar Ethernet akwai 'yan ƙananan taransfoma da ke raba wayoyin sigina da cikin na'urar, kuma ƙa'ida ta ce su jure bolt 1,500. Saboda su ne za ka iya haɗa kwamfutoci biyu da ke kan layukan wuta daban da kebul marar sulke ba abin da ya faru. Sulke ba ya bi ta cikinsu. Shi jikin ƙarfen wannan na'ura yake haɗawa da jikin ƙarfen waccan kai tsaye. Duk wanda ya ja kebul mai sulke, ya sani ko bai sani ba, ya ja sabuwar wayar atin tsakanin wurare biyu.

A ce makaranta ce mai gini biyu, ofis a gaba, ɗakin kwamfutoci a baya, tazarar mita 70. Kowane gini da sandar atin ɗinsa a ƙasa. Ginin baya a kan janareto yake yawancin yini, na gaba a kan inbata. A wasu soket ɗin mai wayarin bai ja wayar atin ba, sai ya yi dabarar nan ta haɗa ƙafar atin da nutural a bayan soket. Yanzu atin ɗin ginin biyu ba a mataki ɗaya suke ba, kuma abin da ya haɗa su shi ne fallen alminiyam ɗin da bai kai kaurin takarda ba. Wuta za ta bi shi. Ƙugin wutar gari mai bugu 50 a daƙiƙa shi kaɗai ba kasafai yake lalata bayanai ba, tunda siginar Ethernet can sama take nesa da shi. Masu ɓarnar su ne tartsatsin da ke biyo hanyar: lokacin da famfon borehol ya tashi, ko kwamfresan na'urar sanyaya ɗaki, ko aka juya daga wutar gari zuwa janareto. A nan rubuta lokaci ke biyan kuɗinsa. Ƙidayar da ke kwance duk safiya ta zabura ƙarfe biyu na rana, kullum, tana nuna maka injin da ake kunnawa ƙarfe biyu.

Awonsa ba wuya. Zare wayar haɗi a bakin nesa, sa multimita a kan AC, ƙafa ɗaya a jikin ƙarfen bakin kebul, ɗaya a ramin atin na soket ɗin da na'urar ke shan wuta. Ƙa'idar wayarin sadarwa ta TIA ta ce kada bambancin ya wuce bolt 1. A auna a kan wutar gari, a sake a kan janareto, a sake a kan inbata, domin amsa uku za a iya samu. Mai mita mai baki kamar ƙaguwa kuma yana iya maƙala ta a kan kebul ɗin gaba ɗaya. Wutar wayoyin ciki na kashe juna, abin da ya rage a allon na sulke ne. A yi hattara da hannu wajen wannan aiki, sulken da ke tsakanin gini biyu na iya ja.

Ƙasarmu ma tana da nata hannun a ciki. Sandar atin da danshi take aiki. Wadda aka kafa a watan Agusta ta ba da awo mai kyau, zuwa Maris da ƙasa ta bushe ƙayau tana iya zama ƙarfe kawai a cikin yashi. Gawayi da gishirin da masu wayarin ke zubawa a ramin suna taimakawa na ɗan lokaci, amma ruwa na wanke gishirin, kuma kafin ya tafi yana cin sandar. A lokacin hunturu kuma busasshiyar iska mai ƙura na tara caji a jikin rediyoyin intanet da ke kan hasumiya. A can sulke wajibi ne. Ubiquiti ma a takardun kafa na'urorinsa na waje ya ce a yi amfani da kebul mai sulke da wayar magudana, a sauke shi ta atin ɗin abin da ke ba rediyon wuta. To idan ramin atin na soket ɗin fanko ne, ko an karye ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket mai rami biyu, cajin ba shi da mafita sai ta kafar suwic.

Ana yawan gardama kan ko baki ɗaya za a sauke sulke ko biyu. Masu cewa ɗaya tsoron zagayen wuta suke, masu cewa biyu kuma suna duban hayaniya mai sauri, wadda sulke ya fi tarewa idan bakinsa biyu a ɗaure suke. Tsarin da ƙa'idoji suka shimfiɗa shi ne a ɗaure shi dindindin a ɗakin suwic: daga kai zuwa fanel, daga fanel zuwa rak, daga rak zuwa sandar atin ɗin ginin da waya mai kauri, 6 AWG, wadda mafi kusa da ita a kasuwarmu ita ce 16mm². Ɗaya bakin kuma yana samun nasa ta jikin na'urar da aka haɗa. A nawa ganin, a cikin gini ɗaya mai atin ɗaya gardamar ba ta da yawan amfani, a ɗaure biyun. Inda ta zama abin damuwa, atin ɗin ne ba shi da lafiya, kuma shi ya kamata a gyara. A lura da fentin rak: fenti ba ya ɗaukar wuta, sai an kankare shi ko an sa wasa mai haƙora kafin kusa ya ciji ƙarfe.

Wajen bincike, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a share ƙidaya, a jira. Mayar da wayar wata kafar: in kuskuren ya tsaya a tsohuwar kafa, suwic ne, in ya biyo waya, a ci gaba. Canza gajerun wayoyin haɗi, su ne suka fi shan wahala kuma suka fi araha. Shimfiɗa doguwar waya da ka amince da ita a ƙasa, ta tsallake ta bangon. Sannan gwajin da ya fi kowanne faɗin gaskiya game da sulke: sa wayar haɗi marar sulke a bakin nesa na yini ɗaya. Ka yanke zagayen ke nan ba ka taɓa siginar ba. Idan ƙidayar ta tsaya cak, ka san inda gizo ke saƙa. Amma wannan shaida ce ka samu, bambancin wutar na nan yana jiran wata hanyar. Kada kuma a kuskura a cire wayar atin ta rak ko ta soket don kurakurai su daina, domin ita ce ke tsakanin jikin na'ura da ran wanda zai taɓa ta.

Idan duk wannan bai nuna komai ba, kankare waya ɗaya da wuƙa. In jan ya tafi fari ya bayyana, alminiyam ne aka yi wa wankan jan ƙarfe, abin da ake kira CCA. Alminiyam kusan kashi 61 cikin ɗari na wutar da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka, yana karyewa a bakin kai, yana zafi idan aka ɗora masa wutar kyamara ta PoE, kuma babu ƙa'idar Cat5e ko Cat6 da ta amince da shi ko me aka buga a kwalin. Akwai shi da sulke ma, mai ƙyalli gwanin sha'awa.

Ga mai shirin sabon aiki, shawarata a taƙaice take. Ofis ko makaranta ta yau da kullum, Cat6 marar sulke na jan ƙarfe zalla, wanda aka nisanta da wayoyin wuta, ya wadatar. Inda ake buƙatar sulke da gaske, a auna atin kafin a sayi ko mita ɗaya, a kuma sayi kai da fanel da wayoyin haɗi duk masu sulke, kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai ya kawo sakamakon gwajin kowane layi a rubuce. Tsakanin gini da gini kuwa kada a ja jan ƙarfe ko wane iri ne, a ja faiba. Gilashi ce, ba ta ɗaukar wuta, ba ruwanta da bambancin atin ko tsawar damina.